Zanen Fuska a Shekarar da Ruwa Ya Makara

Bana ruwa ya makara a Kafanchan. Kullum da yamma hadari sai ya haɗo baƙi ƙirin ta bayan dutsen Kagoro, mu kwashe shanya da gudu, sai iska ta zo ta watse shi mu kwana muna fifita. 'Yar masarar da na shuka a bayan gida ta fito ta naɗe ganye. Ina zaune a baranda ina hararar sama, sai jikata Rahila ta dawo daga makaranta ta jefar da jaka.

"Kaka, ba ni wayanki in yi selfi. Homwok ne. Anti ta ce kowa ya zana fuskan shi."

Na ba ta. Ta yi ta ɗaukar hoto tana turo baki, tana goge wanda bai yi mata ba. Da ta sami wanda ta yarda da shi, ta jingina wayar da gwangwanin madara, ta baje fensira masu launi a tabarma, ta sunkuya. Na koma kallon sama. Amma zafin nan, da warin ƙasa mai jiran ruwa, da yarinya tana neman fuskarta a takarda, sun ɗauke ni sun mayar da ni ƙauyenmu na gefen Manchok, a farkon shekarun saba'in, shekarar da ruwa ya yi mana irin wannan gardama har ya fi.

Mu uku ne a gidanmu: ni, da babana Yohanna, da Kaka, wadda ta haifi mamata. Mama ta rasu tun ban shiga makaranta ba. Kaka ta zo zaman makoki daga ƙauyensu da ƙullin kaya ɗaya, ta dube ni, ta dubi surukinta da ko wuta bai iya hurawa ba, sai ta tura ƙullin ƙarƙashin gado. Ba wanda ya ce ta zauna, ba kuma wanda ya sake tambayar ranar tafiyarta.

Ba a kiran sunan Mama a gidanmu. Ba doka aka kafa ba, kowa dai yana kauce masa. Hoto kuwa ba ta taɓa ɗauka ba. Mai hoto yana Kafanchan, ita da Baba suna ta cewa sai bayan girbi, har girbin ya zo ba ita. Abin da na riƙe nata kaɗan ne: ƙanshin man kaɗanya, da muryarta tana waƙar zumuntar mata ta coci, da ƙeyarta, don a goye na fi saninta. A wannan shekarar ne na gane fuskarta ta ɓace mini gaba ɗaya. In na rufe ido na kira ta takan zo, har da ɗankwalinta, amma ba ta juyowa. Abin ya dame ni ƙwarai, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Ruwan farko ya sauka da wuri, ya yaudari kowa. Aka shuka masara da dawa, suka fito da kyau, sai sama ta yi shiru. Shuka ta ƙone a tsaye. Aka sake shuka da hatsin da ya kamata ya shiga tukunya. Rafi ya janye, mata suna tonon yashi suna jiran ruwa ya taru, a kawo shi gida ja wur sai ya kwana ya kwanta. Da, in Baba zai ɗebo dawa a rumbu, daga sama yake miƙa hannu. Yanzu sai ya shige ciki gaba ɗaya, muna jin ƙafarsa tana shara a ƙasa.

Abinci ya koma sau ɗaya, da yamma. Gwate ne kullum, ɗan tsaki da yakuwa da gauta, kuma kowane mako tsakin yana raguwa, ganye da ruwa suna ƙaruwa. Da safe in an yi sa'a a sami gwaza guda a toka. Kaka kullum cewa take ta ci tun tana dafawa. Ƙarya ce, na sani, ita ma ta san na sani. Waɗanda suka je kasuwar Kafanchan sukan dawo da labarin mutanen da jirgin ƙasa yake saukewa daga can arewa, dabbobinsu sun ƙare, ba su da komai sai tabarma. In an faɗi haka, sai kowa ya ja bakinsa ya ce mun gode Ubangiji.

A cikin wannan daminar Baba ya daina kallona. Yana yi mini magana, yana turo mini rabin gwatensa, yana sa mini hannu a ka in za mu yi addu'a. Amma idonsa yana kan fartanya, ko ƙofa, ko kaza. Da hankalina na yara na yanke hukunci cewa muni na yi. Na san wuyana ya yi tsawo, na san siket ɗin makaranta sai da igiya yake tsayawa. Sauran ban sani ba, don babu madubi a gidanmu.

Malamin ajinmu sabo ne, Malam Ishaku, bai daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, mutumin wajen Kwoi. Ba ya jin yarenmu, ba ma jin nasa, Turancinmu bai wuce gaisuwa ba. Sai muka haɗu a Hausa, wadda mu da shi duk aro muka yi. Ya lura in rana ta take, rabin aji kansu yana kan benci, lissafi ba ya shiga cikin da babu komai. Ran nan ya ajiye alli ya ce:

"Ran Jumma'a ba lissafi. Za mu yi zanen fuska. Kowa ya zo da gawayi. Wanda akwai tsohon reza a gidan su, ya kawo."

Muka dubi juna. A Hausar da muka sani, zanen fuska abu ɗaya ne, shi ne wanda ke fuskar tsofaffinmu. Da aska ake yi, a shafa baƙin gawayi a ciki don ya fito sosai. Malam ya ce fuska, ya ce reza, ya ce gawayi. Me kuma ya rage?

Na tarar da Kaka tana niƙa a dutse, na faɗa mata da yarenmu. Ita fuskarta zane ne tun daga goshi har haɓa. Coci ya riga ya hana abin, babu sa'ana ko ɗaya da aka yi wa. Ta tsayar da niƙan.

"Mutumin ina ne malamin?"

"Wajen Kwoi."

"To, na mutanen Kwoi zai sa miki?"

Wannan ne ya dame ta. Rezar ko ta kanta ba ta bi ba.

Ran Jumma'a Baba ya yi sammakon gona, ba mu gaya masa ba. Kaka ta ɗaura ɗankwalin zuwa coci, ta ɗauki sandarta, ta kama ni a wuyan hannu. Muka tarar da aji rabi fanko. Ciwon ciki ya kama yara da yawa a rana ɗaya, ƙawata Ladi kuma mamarta ta ɓoye ta a gonar rogo. Malam yana tsaye a bakin ƙofa da reza a hannu yana fiƙe gawayi. Na laɓe a bayan Kaka.

"Sannu, Malam," in ji Kaka da 'yar Hausarta. "Kai ne mai zane?"

"Ni ne, Mama. Sannu da zuwa."

"Yarinya nan, maman shi ya mutu. Baban shi mutumin coci ne, ba ya so. Amma in gwamnati ya ce dole, to ka yi na gidan mu. Ni zan nuna maka. Kar ka sa mashi na mutanen ku."

Malam ya dube ta, ya dubi rezar da ke hannunsa, ya juya ya dubi bencinan da ba kowa. Sai ya zauna a dandamali ya yi ta dariya har da hawaye. Da ya dawo hayyacinsa ya rusuna ya ba ta haƙuri, ya jawo takarda ya zana da'ira, ya sa mata ido da baki.

"A takarda ne, Mama. Rezan na gyara bakin gawayi ne kawai."

Kaka ta duba da kyau. "To me ya hana ka ce takarda?"

Ba ta koma gida ba. Ta ce ta riga ta taka ƙafa, sai ta ga ƙarshen abin. Ta sami benci a bayan aji ta zauna, sanda a tsakanin gwiwoyi. Daga ranar duk Jumma'a tana wurin, har yara suka fara ce mata monita.

Takardarmu ta buhun siminti ce. Malam yake tsinto ta a Kafanchan ran Asabar, ya kakkaɓe, ya yanka da wuƙa, ya ɗauro a bayan kekensa. Madubi kuma guda ɗaya ne a ajin, na keken, yakan kwance shi da sufana ya ɗora a tagar da ta fi haske. Kafin layi ya zo kanka, da hannu za ka fara.

"Ku rufe ido," in ji shi. "Ku shafa fuskan ku. Ina ido yake? Ba a sama yake ba, a tsakiya yake. Auna da yatsa ka gani."

Muka auna, ashe gaskiya ne. Duk rayuwarmu a goshi muke sa wa mutum ido. Ya ce kunne yana farawa daidai ido ya ƙare daidai hanci, muka kama kunnuwan juna muna gwadawa. Ya ce kan mutum kamar ƙwai yake. Wani yaro daga baya ya ce, "Malam, dafaffe ko ɗanye?" Aka yi dariya, amma na ga masu haɗiye yawu.

Ladi ta dawo a Jumma'ar da ta biyo, fuskarta lafiya lau, ta zana kanta da kumatu manya kamar an cusa mata lemo. Malam ya tsaya a kanta.

"Ladi, wannan kumatu na wa ne?"

"Nawa ne, Malam. Na Kirsimeti."

"Ajiye su sai Kirsimeti. Yau ki zana yarinyan da ke cikin madubi."

Madubin keke ƙarami ne, ba ya ba ka fuskarka gaba ɗaya. Sai ka ga ido ɗaya, ka matsa ka ga hanci, ka sunkuya ka ga goshi, ka je ka haɗa su a takarda. Da layi ya zo kaina na leƙa. Na ga manyan idanu, da ƙashi biyu da suka fito ƙarƙashinsu, da gashi da ya yi ja a gefe. Ban ga muni ba, ban ga kyau ba. Wata baƙuwa na gani, wadda ta girme ni. Kaka ma ta karɓi madubin ta leƙa, ta ce da yarenmu, "Wannan tsohuwar kuma daga ina ta fito?" Aji ya kwashe da dariya, Malam yana ta tambaya a fassara masa.

Muna cikin darasi wata Jumma'a ruwan ya sauko. Da farko iska ce mai sanyi ta shigo ta taga tana ɗaga takardu, sai ɗigo ɗai-ɗai a kan kwano, sai kuma kamar ana zazzage tsakuwa, ba ka jin maganar na kusa da kai. Yara suka fice suna tsalle a ciki da baki buɗe. Malam yana bin takardunmu yana cusawa cikin rigarsa. Kaka ta tsaya a ƙofa ta miƙa tafin hannu, ta shafa a fuska.

Amma ruwa ba ya zuwa da tuwo a hannu. Yunwa mafi zafi ita ce ta bayan saukar ruwa, ko'ina shar da kore, ba abin sawa a baki. Ciyawa ta taso da ƙarfi, aka shiga gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan. A al'ada mai gona ne yake ciyar da mutane. A shekarar nan kowa ya zo da cikinsa ya koma da shi, sai dai kunu tsararo da mata suke kawowa a tulu. Maza suna noma a jere cikin taɓo, waƙar ma a hankali suke yi. Mu yara mu bi jikin itatuwa neman naman kaza, in shinge, garar nan mai fiffike, ya tashi daga suri mu cika ƙwarya, Kaka ta soya da gishiri. An watsa acca, kowa ya zuba mata ido, don ita ce take fara kai ɗauki.

Ni kuwa ina ta fama da takardata. In goge da ɗan yatsa, in koma madubi, in dawo. Kaka takan taso ta tsaya a bayana. Da farko tana tsokanata, ta ce hancin nan ai na akuya ne. Da fuskar ta fara fitowa sai ta daina tsokana, ta tsaya kawai ta duba ta koma bencinta. Na ɗauka bai yi mata ba ne.

Jumma'ar ƙarshe kafin hutu Malam ya ce kowa ya tafi da nasa. Na naɗe nawa a ganyen ayaba saboda yayyafi. Da la'asar ruwa ya ɗauke, rana ta fito rawaya, tsakar gida tana tururi. Kaka tana gindin murhu. Ta goge hannu ta ce in kawo. Ta shimfiɗa takardar a kan faifai ta daɗe tana kallo. Sai ta zaro gawayi daga gefen murhu, ta goga bakinsa a dutse, ta ja gajerun layuka a gefen idon: uku a wannan gefe, biyu a wancan.

"Kaka, kin ɓata mini. Kuma kin manta ɗaya."

"Ban manta ba. Ana cikin yi ta ciji hannun mai askar, ta ƙwace ta haye dutse. Ba a gan ta ba sai yamma. Kakanki ya ce a bar ta haka."

"Wa?"

"Ga ta nan a gabanki." Ta tura mini faifan. "Da kina da kumatu irin na gidan ubanki, sun rufe ta. Yunwa ta kwashe su, sai ga ta."

Na duba. Matar nan da take ba ni ƙeya ta juyo. Ba zan ce na tuno ta ba, gane ta na yi, kamar yadda kake gane muryar naka a cikin kasuwa. Na riƙe faifan da hannu biyu ina ta kallonta.

Muna haka Baba ya shigo da fartanya a kafaɗa, taɓo har gwiwa. Na so in ɓoye takardar, ban yi sauri ba. Ya tsaya a kanmu. Ya sauke fartanyar a hankali ya jingina da rumbu. Ya sunkuya ya dubi takardar.

"Mama," ya ce wa Kaka, "ba haka ba ne. Biyun a dama suke."

"A hagu suke."

"A dama. Hannatu a dama take da biyu."

Sunan mamata ya faɗo tsakar gida. Tun ranar jana'iza ban ji shi a bakinsa ba. Kaka ta yi kamar ba ta lura ba.

"Ni na haife ta," in ji ta. "Ni na riƙe ta ranar. Za ka gaya mini?"

Baba mutum ne mai kunyar surukarsa, ko abinci ba ya ci a gabanta. Ya sunkuyar da kai ya ce, "A cocin ƙauyenku maza a dama suke zama. Gefen da ke duban bencin maza biyu ne. Na daɗe ina ƙirga su kafin in yi mata magana. Duk Lahadi a ƙafa nake zuwa."

"Ashe ba wa'azi ne yake kai ka ba."

Baba ya yi wata gajeriyar dariya da na manta yana da ita. Ya ɗauki takardar ya juya ta nan, ya juya ta can, ya ce takarda tana rikita mutum, damarta hagu ce. Sai ya kira sunana, "Saratu, zo nan."

Ya durƙusa, ya kama haɓata ya juya ni wajen rana. Hannunsa kaushi, yana warin taɓo. Ya karɓi gawayin daga hannun Kaka, ya ja layi biyu a gefen idona na dama, ya juya ni ya ja uku a hagu. Ya gama bai sake ni ba. Ya dube ni ido cikin ido, ya daɗe, kallon duk daminar da bai yi mini ba. Idanunsa suka cika, bai kawar da kai ba.

"Haka take," ya ce.

A nan na gane ba muni na yi ba. Kaka ta matso ta leƙa fuskata, ta ce, "Kai dai ka cika gardama." Gwaten ranar ya kama a tukunya, ba wanda ya kula. Suka zauna har magariba suna ƙwace labari daga bakin juna: yadda take dariya ta rufe baki, yadda ba ta cin gauta, yadda ta taɓa korar maciji da muciya. Ni ina tsakiya da gawayi a fuska. Ashe dai sai da aka yi mini zanen fuskar, da gawayi, babu reza. Na ƙi wanke fuska har sai da gumi ya wanke mini.

Acca ta nuna, muka ci muka ƙoshi, kumatuna suka ɗan dawo. Takardar kuwa, Baba ya soke ta a jinkar ɗakinsa, bayan 'yan shekaru gara ta cinye. Ban yi kukanta ba, don lokacin ba na bukatarta. Shi da Kaka kuwa har suka bar duniya ba su daidaita a kan dama da hagun nan ba. In hira ta mutu sai ɗayansu ya tayar.

"Kaka, ya yi kama da ni?"

Rahila ce ta miƙo mini takardarta. Ta sa ido a goshi, kamar yadda muke yi. Na ajiye takardar a cinya, na kama haɓarta na juya ta wajen haske.

"Mene ne? Akwai wani abu a fuska na?"

"Zauna," na ce. "Zan ba ki labarin wata yarinya da ta ciji mai aska. Sunanta Hannatu."

Ta zauna, na faɗa mata duka. Ba ta taɓa wayar ba har na gama. Sannan ta ce, "To Kaka, biyun a wane gefe ne?"

Na sa yatsa a gefen idonta na dama.

"Nan. Kakata ta yi haƙuri. Ita ta haife ta, amma Baba ya fi ta daɗewa yana kallo."